BABI NA BIYU: TARIHIN KARUWANCI DA CUTUTTUKAN JIMA'I A ƘASAR HAUSA

2.0 Shimfiɗa

Wannan babi zai bi diddigin dangantakar da ke tsakanin karuwanci da cututtukan da ake ɗauka ta hanyar jima'i a ƙasar Hausa, tun daga zuwan Turawa har zuwa bayyanar cutar ƙanjamau da abin da ya biyo bayanta. Za a kuma duba dabarun da matan suka riƙa bi don kauce wa ɗaukar ciki, domin maganar cuta da maganar ciki ba sa rabuwa a rayuwar macen da wannan ce hanyar cin abincinta.

2.1 Gidan Magajiya da Zuwan Bariki

A al'adar Bahaushe, karuwa ita ce macen da ta isa aure, galibi ma ta taɓa yin sa, amma ta zaɓi zama ba a ƙarƙashin miji ko iyaye ba, tana karɓar baƙi maza suna yi mata alheri. Irin waɗannan mata sukan taru a gida ɗaya, wanda ake kira gidan mata ko gidan magajiya. Magajiya ita ce uwar gidan. Ita ke karɓar baƙuwa ta ba ta ɗaki, ita ke raba faɗa, sa'annan ita ke tsaya musu a gaban hukuma idan ta taso. A wurare da yawa kuma gidan nan shi ne matattarar 'yan bori da makaɗan garaya da 'yan daudu masu sayar da abinci da yin kawalci. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta yi bayanin irin wannan gida a ƙasar Zazzau da yadda bori ya sami gindin zama a cikinsa.

Abin lura a nan shi ne, karuwanci a wancan tsari ba zama ba ne na har abada. Abner Cohen, wanda ya yi bincike a Sabo ta Ibadan ya fitar da littafinsa a 1969, ya nuna yadda mace kan fita daga aure ta shiga karuwanci, bayan wani lokaci ta sake yin aure, wata ma ta sake fitowa. Auren dole da yawan saki da zaman kishi su ne manyan ƙofofin da matan ke fitowa ta cikinsu. Wannan shiga da fita yana da muhimmanci ƙwarai ga tarihin cuta, domin yana nufin babu wata katanga tsakanin gidan mata da gidan aure. Namijin da ya kwana can shi ne zai dawo nan, kuma macen da ke can bana tana iya zama amaryar wani baɗi.

Cin ƙasar Hausa da Turawa suka yi a 1903 ya buɗe wa sana'ar sabon babi. An kafa barikokin soja, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, an buɗe Sabon Gari a gefen manyan birane, sa'annan haƙar kuza a Jos da kewayenta ta tara dubban maza majiya ƙarfi, da kuɗin lada a aljihu, ba tare da iyalinsu ba. A daidai lokacin ne kuma bauta ke rushewa, kuyangi da yawa suka gudu daga gidajen iyayengijinsu, kuma ba kowace ce ta san hanyar garinsu ba. Harshe ma ya adana wannan tarihi. Kalmar bariki, wadda asalinta mazaunin soja da ma'aikatan Turawa ce, ita ce ta haifar da "matar bariki" da "ɗan bariki" da "shiga bariki", kuma duk mai jin Hausa ya san ba zancen soja ake yi ba.

2.2 Ciwon Sanyi da Tunjere

Kafin ƙanjamau, cututtuka biyu ne suka yi suna, wato ciwon sanyi da tunjere. Sunan na farkon ma ya nuna yadda Bahaushe ya fahimce shi: wani sanyi ne da ke shiga jiki ya sauka a mara. Wasu kan danganta shi da tsallaka fitsari, wasu da tsugunawa a masai ɗaya da mai ciwon. Irin wannan fassara tana rufa wa majinyaci asiri, amma kuma tana hana shi tunanin cewa matarsa ma tana bukatar magani. Ga namiji ciwon bai cika ɓoyuwa ba, domin zafin fitsari da mugunya sukan tona shi cikin 'yan kwanaki. Mace kuwa tana iya ɗauke da shi wata da watanni ba ta ji komai ba, alhali yana can yana toshe mata hanyoyin ƙwai. Daga nan sai haihuwa ta tsaya, a ce da ita juya, a yi mata kishiya ko a sake ta, wani lokaci kuma sakin ne zai kai ta gidan magajiya. Ke nan cutar da ake cewa karuwa ce ke yaɗa ta, a wasu lokutan ita ce ta mayar da matar aure karuwa.

Gwamnatin mulkin mallaka ta damu da waɗannan cututtuka, amma damuwarta ta fi karkata ga lafiyar sojojinta da leburorinta, musamman a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1943 ne ta kafa doka ta musamman a kan cututtukan jima'i. Ita kuwa macen, ana kallonta ne a matsayin mafarin cuta, ba majinyaciya mai bukatar kulawa ba.

Bayan yaƙin allurar fanisilin ta shigo, kuma ta yi aiki kamar yankan wuƙa, har mutane suka ɗauki ciwon sanyi abin wasa. Wanda a da zai nufi boka ko 'yar mai ganye a ba shi saiwa ya jiƙa, yanzu sai ya nufi kemis ko mai allura na kasuwa. Matan gidajen kuwa sai suka ɗauki al'adar haɗiyar kafso ɗaya ko biyu kafin kwanciya ko bayanta, da sunan rigakafi. Wannan shan magani rabi da rabi bai tafi a banza ba. A 1976 likitoci suka gano nau'in ƙwayar ciwon sanyi da fanisilin ba ya kashewa, kuma Afirka ta Yamma na cikin wuraren da aka danganta ɓullarsa da su.

Martanin hukumomin gargajiya kuma bai cika wuce kora ba. Idan ruwan sama ya ɗauke, ko wata annoba ta faɗo, sai a yi shela cewa duk macen da ba ta da aure ta yi aure cikin kwanaki kaza ko ta bar gari. Renée Pittin, wadda ta yi bincike a kan gidajen mata a birnin Katsina a farkon shekarun 1970, ta rubuta irin wannan kora da aka yi a lokacin fari. Wasu matan kan ƙulla auren ɗan lokaci, wasu su koma garin gaba, idan ƙura ta lafa su dawo. Su kuwa mazan da ke zuwa gidajen, shela ba ta taɓa ambatonsu ba. Abin mamaki, 'yan siyasar NEPU da NPC sun ci moriyar waɗannan mata wajen raya taro da waƙa da rawa, tun a zamanin da matan Arewa ba su da ikon jefa ƙuri'a, domin sai a 1976 suka fara samun wannan dama.

2.3 Ɓullar Ƙanjamau

A 1985 aka fara gano masu ɗauke da ƙanjamau a Nijeriya, aka bayyana wa duniya a 1986. Ɗaya daga cikin biyun farko yarinya ce 'yar shekara 13 da aka samu a Ikko, aka kuma ce tana zaman kanta. Tun daga ranar farko ke nan aka ɗaura wa cutar sunan karuwa a wuya. Shekarar 1986 ɗin ce kuma gwamnatin Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, magani ya yi tsada, mata da yawa da ba su taɓa tunanin barin gida ba suka fito neman abin sawa a baka. Sai sana'ar ta canza kama. Gidan magajiya mai tsari da shugabanci ya fara ba da wuri ga ɗakunan haya a otal-otal da zangon manyan motoci irin su Tafa da Mararrabar Jos, inda direba zai kwana ɗaya ya wuce, gobe wani ya zo.

Da farko mutane ƙaryata cutar suka yi, wasu suka ce ta Turawa ce, wasu suka ce dabara ce ta hana Musulmi haihuwa. Da aka fara ganin masu ramewa suna mutuwa, sai ƙaryatawa ta koma tsoro, har aka yi wa cutar laƙabi da "kabari salamu alaikum". Rasuwar mawaƙi Fela a watan Agusta na 1997, da fitowar da yayansa Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, tsohon ministan lafiya, ya yi ya faɗi abin da ya kashe shi, ta sa wasu masu musu sun fara sassautowa. Gwajin da ake yi wa mata masu zuwa awon ciki ya nuna kashi 1.8 cikin ɗari a 1991, ya hau zuwa kashi 5.8 a 2001.

A tsakiyar wannan hawa ne jihar Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a watan Oktoba na 1999, sauran jihohin Arewa da dama suka bi sahu. An rufe gidajen mata da mashaya, wasu matan suka tuba aka ba su jari ko aka yi musu aure, wasu kuma suka kwashe kayansu zuwa unguwannin barikin soja, ko jihohin da ba su yi dokar ba, ko ƙauyukan bakin iyaka a cikin Jamhuriyar Nijar, kan hanyar Katsina zuwa Maraɗi, maza kuma suka riƙa bin su can. Ta fuskar addini manufar a fili take. Ta fuskar lafiya kuwa, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba, domin matan da ke zaune wuri ɗaya ma'aikacin lafiya ya san inda zai same su, waɗanda suka warwatsu kuwa sai dai Allah. Binciken da gwamnatin tarayya ta gudanar a 2007 ya sami kashi 37.4 cikin ɗari na matan da ke zaune a gidajen karuwai ɗauke da cutar, a Kano da Abuja kuwa abin ya kai kusan rabi.

Saukowar waɗannan alƙaluma ta zo ne tare da magani. Gwamnati ta fara sayar da magungunan rage kaifin cutar da rangwame a 2002, ta mayar da su kyauta a 2006, ga kuma tallafin Amurka da ya fara shigowa a tsakanin nan. Aka kuma koyi darasin horar da wasu daga cikin matan su wayar da kan 'yan uwansu, domin abin da karuwa ba za ta gaya wa malamin asibiti ba za ta gaya wa maƙwabciyar ɗakinta. Irin wancan bincike ya nuna kashi 27.4 a 2010, sai kashi 19.4 a 2014. Duk da haka, idan aka kwatanta da kashi 1.4 da binciken ƙasa na 2018 ya samu a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49, za a ga har a lokacin tazarar ta ninka fiye da sau goma.

2.4 Hana Ɗaukar Ciki

Ciki ga karuwa asara ce biyu: sana'a za ta tsaya, kuma ɗan da za a haifa zai tashi da sunan shege. Saboda haka tun da daɗewa matan suna da dabarunsu, irin su guru da ake ɗaurawa a ƙugu, da laya, da rubutun sha, da jiƙe-jiƙen saiwoyi. Idan waɗannan ba su yi ba, sai a koma ga zubarwa, da kanwa ko bula ko wani haɗi mai ƙarfi, ko kuma a ɗakin bayan wani kemis. Da yake dokar laifuffuka ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta haramta zubar da ciki sai don ceton ran uwa, komai a ɓoye ake yin sa, kuma wadda jini ya ɓalle wa takan jinkirta zuwa asibiti har sai abu ya yi nisa.

Manufar ƙasa a kan yawan jama'a ta 1988, wadda ta ba da shawarar 'ya'ya huɗu ga kowace mace, ta gamu da turjiya a Arewa, kuma asibitocin tsarin iyali sukan nemi yardar miji kafin su ba mace ƙwaya ko allura. Macen da ba ta da miji ke nan ba ta da wurin zama a layin. Sai ta sayi ƙwayar a kemis, ba tare da wanda zai gaya mata cewa ƙwaya da allura suna hana ciki ne kawai, ba sa tare cuta ba. Kororon roba ne kaɗai ke yin aikin biyu, kuma irin su Gold Circle sun yi araha sun kuma bazu har ƙauye. Amma sawa ba a hannun mace take ba. Akwai baƙon da zai ƙara kuɗi don a ajiye shi, kuma wadda ba ta biya kuɗin ɗaki ba tana da wuyar cewa a'a. Mafi wuya kuma shi ne dadiro, wato namijin da take ɗauka nata, mai biyan haya, wanda wataƙila take sa ran aurensa. Nuna masa kororon roba tamkar ce masa ne shi ma baƙo ne, ko kuma ita ba ta yarda da kanta ba. Binciken da aka yi ta maimaitawa a Nijeriya ya nuna matan sun fi amfani da kororon roba da baƙi nesa ba kusa ba a kan yadda suke yi da irin waɗannan samari.

A ɓangaren aure an sami canji. Auren zawarawa da Hukumar Hisba ta Kano ta fara shiryawa a 2012 ya sanya gwajin ƙanjamau cikin sharuɗɗansa, a 2014 gwamnatin tarayya ta yi dokar hana tsangwamar masu ɗauke da cutar, sa'annan a 2024 jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure. Waɗannan dokoki suna tsare ƙofar da bazawara ke komawa gidan miji ta cikinta. Aikin da ake yi da matan da ke waje kuwa, wato kai musu gwaji da kororon roba da magani har inda suke, kusan duk da kuɗin ƙasashen waje ya dogara, shi ya sa dakatar da tallafin da gwamnatin Amurka ta yi a watan Janairu na 2025 ya fara taɓa irin waɗannan cibiyoyi, har Majalisar Tarayya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na shekarar don cike giɓin.