Majami'ar Kartaj da Ta Koma Zauren Kiɗa

A kan tudun Birsa, a tsohon birnin Kartaj na ƙasar Tunisiya, akwai wata babbar majami'a wadda an daɗe ba a yi sujada a cikinta ba. Wurin kuwa ba baƙo ba ne ga bishara. A wannan birni Farfetuwa da Filisita suka yi shahada a shekarar 203, a nan kuma aka fille kan Bishop Sifiriyan a 258. Larabawa suka ci birnin a 698, sannu a hankali ikilisiyar ƙasar ta ɓace.

Bayan Faransa ta mamaye Tunisiya a 1881, Kadinal Labijeri ya ƙudura zai ta da tsohuwar ikilisiyar. Shi ne ya kafa ƙungiyar Fararen Fada, waɗanda suka kai bishara Nabrongo ta arewacin Gana a 1906. Aka soma ginin a 1884, aka gama a 1890, aka sa masa sunan Luwi na Tara, sarkin Faransa da ya mutu a wajen a 1270 yana cikin yaƙi da Musulmi. Zaɓen wannan suna bai yi hikima ba. Masu cika kujerun majami'ar Turawa ne, Faransawa da Italiyawa da mutanen Malta. 'Yan ƙasa daga nesa suke kallonta, kamar gidan gwamna. A babban taron Katolika na 1930 har aka sa wa yara tufafi irin na mayaƙan gicciye, suka yi jerin gwano. Abin ya ƙona wa Musulmin ƙasar rai ƙwarai, ba su kuwa manta ba.

Da aka sami 'yancin kai a 1956, Turawa suka yi ta komawa gida, kujeru suka zama wayam. A 1964 fadar Paparoma ta yi yarjejeniya da gwamnatin Burgiba, ta miƙa mata yawancin majami'un ƙasar, har da wannan. Gidan Fararen Fada da ke kusa da ita ya zama gidan adana kayan tarihi.

Ita kanta majami'ar ta yi shekaru a rufe. A 1993 aka buɗe ta da sabon suna, Akropoliyum, ta zama zauren kiɗe-kiɗe da nunin zane. 'Ya'yan ƙasar da kakanninsu ba su taɓa taka ƙofarta ba suka riƙa sayen tikiti, suna shiga su zauna a inda masu sujada suke durƙusawa dā.