Shari'ar Miller: Matar Da Aka Manta A Bayan Sunan

Da wuya ka sami lauya a Najeriya da bai san shari'ar Miller da Ministan Fansho ta 1947 ba. Ana jawo ta a shari'ar kisa da fashi, idan ana bayanin hujjar da ke kawar da shakka. Kaɗan ne ke tuna cewa babu mai laifi a cikinta. Wata mata ce a Ingila take neman haƙƙin mijinta.

Mijin ya shiga soja a 1915, ya yi aiki a Gabas ta Tsakiya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya rasu a 1944 da ciwon daji na maƙogwaro. Ta nemi fanshon da ake ba matan da aikin soja ya yi ajalin mazansu. Kotun fansho ta hana, sai ta ɗaukaka ƙara gaban Mai shari'a Denning.

Doka tana bayanta, domin tun 1943 nauyin hujja ya koma wuyan gwamnati: ita za ta nuna ba aikin ne ya jawo mutuwar ba. Ga shi kuma likitoci ba su san musabbabin ciwon ba. To ta yaya za a wanke aikin soja daga cutar da ba a san tushenta ba? A ganina har yau tambayar tana da nauyi. Denning ya ce shakkar da kotu ke dubawa ita ce wadda hankali zai ɗauka, ba kowane "wataƙila" ba. Tunda likitoci sun shaida cewa ciwon kan zo ba ruwansa da wahalar bariki ko fagen fama, sai ya kori ƙarar.