Bashi Ko Alheri? Iyalan Indo da Gwamnatin Holan a Kan Diyyar Yaƙi, 1945 zuwa 2015

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin fafutukar da iyalan Indo suka yi ta neman gwamnatin Holan ta biya su albashin da aka riƙe musu da dukiyar da suka rasa a Yaƙin Duniya na Biyu. An dogara a kan dokoki da yarjejeniyoyin da suka shafi lamarin, da kuma ayyukan masana tarihi biyu, Hans Meijer da Peter Keppy. Abin da nazarin ya gano shi ne, gwamnati ta sha fitar da kuɗi a tsawon shekara 70, amma ba ta taɓa yarda a kira kuɗin da sunan bashi ba. Daga wannan ƙin ne sauran rigingimun suka samo tushe.

Gabatarwa

Indo a nan ba sunan mace ba ne irin wanda muka sani. Laƙabi ne na zuriyar da aka samu daga auratayya tsakanin Turawa, galibi na Holan, da matan tsibiran da a yau ake kira Indunusiya. A dokar mulkin mallaka, ɗan da ubansa Bature ya amsa shi ana lissafa shi Bature, saboda haka Indo da yawa 'yan ƙasar Holan ne a takarda, ko da ba su taɓa taka ƙasar ba. Su ne suka cika ofisoshin gwamnati da gidan waya da hukumar jirgin ƙasa, suna kuma da yawa a rundunar sojan mulkin mallaka da ake taƙaita sunanta da KNIL. Rundunar nan har Afirka ta Yamma ta ɗebi sojoji: tsakanin shekarun 1830 da 1872 an kwashi kimanin mutum 3,000 ta Elmina a Ghana ta yau, kuma jikokin wasunsu sun gaji aikin soja a tsibirin Jawa.

Japan ta ci tsibiran da yaƙi a watan Maris na 1942, ta riƙe su har 15 ga Agusta 1945. Sojojin da ake lissafawa Turawa kimanin 42,000 suka zama fursunonin yaƙi, aka tura dubbai gina layin dogon Burma. An tsare farar hula kusan 100,000 a sansanoni. Kwana biyu bayan Japan ta miƙa wuya, Sukarno ya ayyana 'yancin Indunusiya, aka shiga watannin tarzoma da ake kira Bersiap, inda aka kashe Indo da Turawa da Sinawa da dama, aka wawashe gidaje. Daga 1945 zuwa shekarun 1960 kimanin mutum 300,000 suka ƙaura zuwa Holan. Abu biyu suka riƙa nema: albashin wata 41 na zamanin mamaya, wanda su da kansu suke kira "backpay", da diyyar gidaje da kayan da aka lalata ko aka sace.

Ayyukan da suka gabata

Cibiyar NIOD ta Amsterdam, mai nazarin tarihin yaƙi, ta fitar da littattafai biyu da duk mai magana a kan lamarin nan yake komawa gare su. Na farko shi ne Indische rekening na Meijer, a 2005, a kan albashin. Na biyu Sporen van vernieling na Keppy, a 2006, a kan ɓarnar dukiya da mayar da haƙƙi. Kowannensu ya ɗauki ɓangare guda. Maƙalar nan ta haɗa ɓangarorin ne ta fuskar sunan da aka raɗa wa kowane biya, domin a sunan ne gwamnati ta fi yin taka-tsantsan.

Wa ake bi bashin?

Dokar da aka yi a 1912 ta mayar da yankin mulkin mallakar mai cin gashin kansa ta fuskar kuɗi: baitulmalinsa daban, bashinsa daban, ana iya kai shi ƙara da sunansa. Da yaƙi ya ƙare, gwamnatin Hague ta riƙe wannan doka gam. Hujjarta ita ce, ma'aikaci ko sojan KNIL ba ita ta ɗauke shi aiki ba, gwamnatin mulkin mallaka da ke Batabiya ce, don haka can zai kai kukansa. Gwamnatin Batabiya kuwa aljihunta wayam, ga yaƙi da 'yan kishin ƙasa. Abin da ta iya shi ne wani ɗan kuɗin farfaɗowa, daidai da albashin 'yan watanni. Ministan kuɗin Holan na lokacin, Piet Lieftinck, ya shahara da riƙe bakin jaka, kuma ƙasar kanta tana jiran tallafin Amurka kafin ta miƙe.

Sai aka zo taron Hague na 1949. Ranar 27 ga Disamba aka miƙa mulki, aka ɗora wa sabuwar ƙasar Indunusiya nauyin da ke kan tsohuwar gwamnatin mulkin mallaka, har da bashin da ya haura gilda biliyan 4 a kuɗin Holan na lokacin. Ta haka tsohon sojan da ya yi rantsuwa da sunan Sarauniya Wilhelmina ta Holan ya wayi gari ana ce masa ya nemi albashinsa a hannun gwamnatin da rundunarsa ta gama yaƙa. Ba a buƙatar malamin duba kafin a san yadda za ta kaya. An rushe KNIL a watan Yulin 1950, Indunusiya kuma ta yi watsi da yarjejeniyar taron a 1956. Tsofaffin sojoji sun kai ƙara a kotunan Holan a shekarun 1950, har Kotun Ƙoli, suka sha kaye a kan dai wannan hujja ta raba baitulmali.

Misali guda ya isa ya nuna inda hujjar ta yi wa adalci karan-tsaye. Sojojin ruwan Holan da Japan ta kama, daga Hague ake biyansu tun asali, don haka an biya su albashin shekarun tsarewa. Mutum biyu ke nan a sansani ɗaya, kwano ɗaya, bulala ɗaya. Wannan ya koma gida ya tarar da kuɗinsa, wancan ya mutu yana bi. Bambancinsu kawai littafin da aka rubuta sunan kowannensu.

Dukiyar da babu mai biya

Batun ɓarnar dukiya ya fi na albashi sarƙaƙiya, kuma a nan ya kamata a yi wa gwamnati adalci. Dokar diyyar ɓarnar yaƙi da Holan ta yi a 1950 ta tsaya ne a kan ƙasar Holan ta Turai. A tsibiran kuwa, da wuya a tantance wa ya ƙona gida: sojan Holan mai ja da baya a 1942, ko Japan, ko 'yan tarzomar Bersiap, ko farmakin sojan Holan na 1947 da 1948. Ban da haka, in za a biya Bature da Indo, da wane ido za a dubi talakan Jawa, wanda aka kwashe 'ya'yansa aikin tilas, yunwar 1944 da 1945 kuma ta yi wa ƙauyensa kisan kiyashi? A biya kowa ya fi ƙarfin baitulmali, a biya Turawa kaɗai kuma wariya ce ƙarara. Sai aka zaɓi hanya ta uku, wato kada a biya kowa. Amma ba dole ce ta sa haka ba. Amurka ta kafa hukumar biyan ɓarnar yaƙi a Filifin da dokar 1946, Ingila ma ta yi makamanciyarta a Malaya.

Ƙofar Japan ita ma gwamnati ce ta rufe ta. A yarjejeniyar San Francisco ta 1951 Holan ta yafe neman diyya. Abin da ya fito daga kadarorin Japan ta hannun ƙungiyar Red Cross shi ne gilda 264 ga kowane fursunan yaƙi. Daga fahimtar da aka yi tsakanin Firaministan Japan, Yoshida, da ministan harkokin wajen Holan, Dirk Stikker, Japan ta ba da dala miliyan 10 a 1956 saboda farar hular da aka tsare, aka raba kowa ya sami gilda 415. Da gidauniyar Japanse Ereschulden, wadda aka kafa a 1990, ta shigar da ƙara a Tokyo a 1994, sai kotuna suka kore ta daki-daki, a 1998 da 2001 da 2004. Cikin hujjojinsu har da cewa yarjejeniyar 1951 ta kashe maganar.

Abin da ya fi tsaya wa iyalan a rai, a ganina, ba ya cikin waɗannan manyan takardu. Da suka sauka Holan an ajiye da yawansu a gidajen saukar baƙi da gwamnati ta yi kwangila da su, ana cire kusan kashi 60 cikin ɗari na abin da magidanci ya samu. Kuɗin sayen gado da kujera da aka ba su rance ne, kuma an karɓe shi tsaf. Wato gwamnatin da ta ce ba a bin ta ko anini ita ce ta zama mai bin su. Suna cikin wannan hali aka yi ambaliyar 1953, suka ga yadda aka yi doka cikin hanzari don biyan waɗanda ruwa ya cinye wa dukiya.

Waɗanda ba su shiga sansani ba

A Jawa, Japanawa sun bar mafi yawan Indo a waje in sun nuna suna da jinin Asiya. Su ake kira buitenkampers, ma'ana 'yan wajen sansani. Yawancinsu mata ne da yara, mazan suna tsare, albashi ya tsaya, an rufe bankuna. Sun sayar da zinariya da kayan ɗaki ɗaya bayan ɗaya don su ci abinci, ga zargin leƙen asiri daga 'yan sandan sojan Japan. Bayan yaƙi, ma'aunin wahala da hukuma ta fi ganewa shi ne tsarewa, domin ita ce ke da rajista da ranar shiga da ranar fita. Kuɗin 1956 na waɗanda aka tsare ne. Haka ma dokar 1981, wadda ta ba da gilda 7,500 sau ɗaya ga masu ciyar da iyali da aka tsare. Matar da ta rayar da 'ya'ya biyar a Bandung ko Malang da kuɗin sarƙar aurenta ba ta da takardar da za ta nuna. Sai da dokar 1984 ta farar hular da yaƙi ya nakasa ta zo aka ɗan buɗe wata kafa, ita ma ga wanda ya tabbatar da cewa wani tashin hankali takamaimai ya taɓa lafiyarsa.

Siyasar raɗa suna

Shekaru da yawa al'ummar ta yi gum. 'Ya'yansu ma sun raɗa wa halin suna, shirun Indo. Ziyarar da Sarki Hirohito na Japan ya kai Holan a 1971 ta fara fasa ƙwan. A 1988 aka buɗe dandalin tunawa da mamatan zamanin mamayar Japan a Hague, a 1991 kuma, zamanin Firaminista Ruud Lubbers, aka kafa Indisch Platform don ƙungiyoyin su riƙa magana da gwamnati da baki ɗaya.

A watan Disamba na 2000 gwamnatin Wim Kok ta ware gilda miliyan 385: miliyan 350 don rabawa mutane, miliyan 35 don ayyukan al'umma. Sunan shirin Het Gebaar, wanda a Hausa ya fi kusa da nuna alheri. An bayyana shi a matsayin amsa laifin tarbar da ba ta da armashi da kuma gazawar da ake kyautata zaton an yi wajen mayar da haƙƙi. Ba a ce albashi ba ne, ba a ce diyyar gida ba ce. Abin da kowa ya samu bai kai Yuro 2,000 ba. Hikimar sunan a fili take. Bashi yana da adadi, yana ƙaruwa da daɗewa, kuma ana gadonsa. In mai bi ya rasu, magada sun tsaya a madadinsa. Alheri kuwa mai yi ne ke yanke yawansa da wanda zai ba da ranar da zai rufe ƙofa, wanda aka yi wa kuma godiya ake jira daga gare shi. Shi ya sa wasu tsofaffi suka karɓi kuɗin suna ƙunci, suna ganin an mayar da mai haƙƙi mai roƙo.

Littattafan Meijer da Keppy, waɗanda gwamnati ce ta ɗauki nauyin binciken da ya haife su, sun fito bayan wannan rabo, kuma sun ƙara wa masu fafutuka ƙarfin gwiwa. Duk da haka sai da aka ƙara kusan shekara 10 kafin a motsa. A ƙarshen 2015 ƙaramin minista Martin van Rijn ya daidaita da Indisch Platform: Yuro 25,000 ga kowane tsohon ma'aikaci ko sojan KNIL da ba a biya ba. A nan ma an kafa biyan a kan dalilin ɗa'a, ba wajibin shari'a ba. In aka raba kuɗin a kan wata 41, kowane wata ya tashi kimanin Yuro 610, bayan jiran shekara 70. Maganar gidaje da kaya kuwa an bar ta, aka karkata zuwa karramawar bai-ɗaya, irin gidan tarihi da taro na Sophiahof da aka buɗe a Hague a 2019.

Sharaɗin shirin na 2015 shi ne mai haƙƙin ya kasance da rai ranar 15 ga Agusta 2015. Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1942 ya kai 91 a wannan rana. Hukumar inshorar jama'a ta SVB ce ta tantance takardun, kuma daga dubun-dubatar da aka riƙe wa albashi, waɗanda suka karɓa ba su kai dubu ɗaya ba. Shirin bai haɗa da matan mamata ba, bai haɗa da 'ya'ya ba. Wanda ya cika ranar 14 ga Agusta, iyalinsa ba su sami komai a ciki ba.