Ɗan Gidan Ƙauye a Ingila: Tarihin Gyaransa da Tanderunsa da Sana'o'in Cikinsa

Duk wanda ya saba duba mujallun gyaran gida na ƙasar Ingila zai tarar da wani hoto da ake yawan maimaitawa, wato ɗan ƙaramin gidan ƙauye mai jinka, an shafe shi da farar ƙasa, uwargida ta fito da burodi daga tanderu, ga kuma saƙa ajiye a kan kujera. Irin wannan gida shi Turawan Ingila ke kira kotej. Hausa ba ta da kalma guda da ta yi daidai da shi, domin bukka ta yi masa ƙanƙanta kuma ba ta daɗewa, gidan gona kuwa wata ma'ana yake bayarwa dabam. Saboda haka za mu riƙa kiransa ɗan gidan ƙauye. Abin da wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, ayyukan nan uku, gyaran gida da gashin burodi da sana'ar hannu, tun asali tare suke tafiya. A da ayyukan dole ne na talaka. Sai bayan da talakan ya bar gidan suka zama abin sha'awa ga masu hali.

Asalin mai zama a irin wannan gida shi ne mutumin da ba shi da gonar da za ta ci da shi, sai ya haɗa da ƙwadago a gonar mai ƙasa. A shekarar 1589, zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, aka yi dokar da ta hana a gina irinsa sai an haɗa masa da fili eka 4, don kada mazauninsa ya zama nauyi a kan jama'a. Dokar ba ta yi aiki sosai ba, aka kuma soke ta a 1775. Abin da ya fi riƙe talakan shi ne hurumin gari, inda al'ada ta ba shi damar kiwon saniya ko dinya, da sarar kirare da ƙaya don girki, da yankan ciyawa.

Ginin kansa da abin da ke kusa ake yin sa. Inda akwai dutse a yi da dutse. A lardin Devon, kudu maso yammacin ƙasar, ginin ƙasa ake yi, kuma Bahaushe ba zai ga baƙon abu a cikinsa ba. Sai a kwaɓa laka da karan alkama, a sa shanu su tattake, sa'an nan a ɗora a kan harsashin dutse hawa-hawa, kowane hawa a bar shi ya sha iska kafin a ɗora wani. Kaurin bango yakan kai ƙafa 2. Bambancinsa da namu shi ne ba a yin tubali, jibga kwaɓin ake yi a sassabe gefensa. Irin wannan gini yakan yi shekaru ɗaruruwa muddin ruwa bai shige shi ta sama ko ta ƙasa ba, don haka gyara ba ya ƙarewa: a toshe jinka inda ta zube, a cike tsaga, a sake shafen farar ƙasa idan sanyi ya wuce. Yadda magidanci a Kano ko Zariya yake yaɓe kafin damina, haka shi ma leburan Devon yake yi, ba kuma don ado ba.

Tanderun gidan a jikin bangon murhu yake, wani rami ne mai rufin ƙoƙo da aka yi da bulo, a Devon da Cornwall kuwa maginan tukwane ne ke gina shi da yumɓu, a sayo a dasa a bango. Ranar gashi, wadda galibi sau ɗaya ce a mako, sai a cusa damin kirare a kunna, a bari har bulo ya yi fari don zafi. Daga nan a kwashe garwashi da toka, a goge ƙasan da jiƙaƙƙen tsumma, a zura kwaɓin da wani katako mai faɗi mai doguwar ƙota, a rufe ƙofa a liƙe gefenta da laka. Burodi ne ke fara shiga, idan zafi ya ragu a sa sauran abubuwa, a ƙarshe a zuba itacen gobe don ya bushe. Abin lura a nan shi ne, tanderun ba ya aiki sai da kirare masu yawa, kiraren kuwa daga hurumi suke fitowa.

Na ukunsu ita ce sana'ar hannu, wadda akasari mata da yara ke yi. Ɗan kasuwa yakan rarraba gashin tumaki gida-gida a kaɗa masa zare, ya dawo ya karɓa ya biya lada. Wasu yankuna kuma kowanne da abin da ya shahara da shi: leshin hannu a Honiton ta Devon da lardunan Buckingham da Bedford, kitson karan alkama don ɗinka malafa a kewayen garin Luton, ɗinkin safar hannu a Yeovil da Worcester, maɓallai a Dorset. Kada mai karatu ya ɗauka aiki ne na nishaɗi. Akwai abin da ake kira makarantun leshi, inda ake tara yara tun suna shekara 5 ko 6 su wuni a duƙe a ɗaki guda, karatun da ke ciki bai taka kara ya karya ba.

Abubuwa biyu suka rushe wannan tsari. Na farko shi ne killace hurumi. Tsakanin 1604 da 1914 Majalisar Dokokin Ingila ta zartar da dokokin killacewa fiye da 5,200, mafi yawansu daga tsakiyar ƙarni na 18 zuwa tsakiyar na 19. Wanda ke da shaidar mallaka an yanka masa rabonsa, wanda al'ada kawai ya dogara da ita sau da yawa ya tashi a tutar babu. Da saniya ta tafi, kirare suka tafi, sai tanderu ya mutu. Sir Frederic Eden, a binciken da ya wallafa a 1797 kan halin talakawa, ya lura da cewa leburorin kudu sun koma rayuwa a kan burodi da cuku da shayi, na arewa kuwa, inda makamashi ke da araha, suna ci gaba da dafa abinci mai zafi a gida. Na biyu shi ne inji. James Hargreaves ya ƙirƙiro injin kaɗinsa wajen 1764, Richard Arkwright ya buɗe masana'antarsa ta Cromford a 1771, ba a jima ba kaɗin mata a gida ya daina kawo ko kwabo. Leshi ya ɗan ja lokaci, har ma ya sami farin jini a 1840 da Sarauniya Victoria ta sa na Honiton ranar aurenta, amma injin John Heathcoat na 1809 ya riga ya sa masa wuƙa a wuya.

William Cobbett, wani ɗan jarida mai kaifin alƙalami, ya rubuta littafinsa Cottage Economy a 1821 zuwa 1822 don ya koya wa leburori gashin burodi da kiwo da kitson malafa. Fitowar littafin ita kanta shaida ce, domin ba a rubuta wa mutane littafin abin da suke yi kullum. Gidajen kuma suka shiga lalacewa. Yawancinsu na mai gona ne, lebura yana ciki muddin yana aiki, ranar da aka sallame shi ya kwashe kayansa. Wa zai kashe ƙarfinsa a jinkar da ba tasa ba? Wasu masu ƙasa ma rushe gidajen suka riƙa yi don su rage harajin ciyar da gajiyayyu, har sai da dokar 1865 ta sake tsarin harajin. Ƙidayar 1851 ta nuna mazauna birane sun kai rabin jama'a, da alkamar Amurka mai araha ta karya noma daga shekarun 1870 kuwa, sai ƙaura ta ƙaru.

A daidai wannan lokaci ne masu hali suka fara ganin kyan gidan. Tun a 1811 magini John Nash ya tsara wa wani attajiri gidaje 9 masu kama da na ƙauye a Blaise, kusa da Bristol, don tsofaffin barorinsa. Daga 1881 Helen Allingham ta shiga zana tsofaffin gidajen lardin Surrey da furanni a bakin ƙofa, hotunan da suka dasa wa 'yan birni son abin da ba su taɓa kwana a cikinsa ba. Wanda ya ba lamarin tushe na ilimi shi ne William Morris. A 1877 ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine, wadda aƙidarta ita ce a gyara abin da ya lalace da irin kayan da aka gina shi, kada a kankare tsohon abu a sa sabo a ce an mayar da shi yadda yake. Shi ne kuma ya yi ta wa'azin cewa aikin hannu ya fi na inji daraja. Daga wurinsa gyaran tsohon gida da sana'ar hannu suka sake haɗuwa, amma a hannun wasu mutane dabam.

Labarin C. R. Ashbee ya isa misali. A 1902 ya kwashi ƙungiyar masu sana'arsa daga gabashin Landan, mutum wajen 150 har da mata da yara, ya kai su garin Chipping Campden a tuddan Cotswold. Suka gyara tsofaffin gidaje suka shiga, suka mayar da wata tsohuwar masaƙar siliki wurin ƙira da sassaƙa. Albashinsu ya fi na leburorin gona nesa, don haka suna iya biyan hayar da ɗan gari ba ya iyawa. Kayan da suke yi kuwa sai mai kuɗi ke saye, ga kasuwa ta yi nisa, ga manyan kantunan Landan suna kwaikwayonsu da araha. Zuwa 1908 kamfanin ya karye. Zuriyar ɗaya daga cikin maƙeran, George Hart, su suka ci gaba da ƙirar azurfa a ginin.

Hukumomi da ƙungiyoyi suka biyo baya. Ƙungiyar National Trust, wadda aka kafa a 1895, ginin da ta fara saye shi ne wani tsohon gida mai jinka a Alfriston, a 1896, a kan fam 10. Dokar 1926 ta ba da tallafin gyaran gidajen ma'aikatan karkara, a 1927 kuma aka buɗe asusun ceto tsofaffin gidajen ƙauye da goyon bayan Firayim Minista Stanley Baldwin. Da asusun aka sayi jerin gidajen masaƙa na Arlington Row a Bibury a 1929. Ƙungiyar matan karkara da ta shigo Birtaniya daga Kanada a 1915 ita ta riƙe koyar da gashi da saƙa da ɗinki, har suka zama abin gasa da nuni.

Burodin gida bai sami martabarsa ta yanzu ba sai da na kanti ya gundiri mutane. A 1961 aka fito da hanyar Chorleywood, wadda inji ke buga kwaɓi da ƙarfi ya gama burodi cikin 'yan sa'o'i, ta kuma mamaye kasuwa. Littafin Elizabeth David na 1977 kan burodin Ingila martani ne ga wannan. Mota ta riga ta yawaita, dokar gidaje ta 1969 ta ƙara tallafin gyara, sai 'yan birni suka shiga sayen gidajen da leburori suka bari. Mai gyara yakan fasa bango ya tarar da tsohon tanderu an toshe shi da bulo tun zamanin Victoria. Sai ya buɗe shi ya share ya ajiye fitila a ciki, burodin kuwa a murhun lantarki ko na kamfanin Aga ake gasa shi.

Gyaran ma ba kullum yake zama alheri ga ginin ba. Da yawa sun yaɓe bangon ƙasa da siminti, ruwa ya shiga ta tsaga ya rasa hanyar fita, ƙasa ta jiƙe daga ciki har bango ya zube. Masana gine-gine a Ingila sun koma ba da shawarar yaɓen farar ƙasa irin na da, wanda ke barin danshi ya fita. Wanda ya ga yadda fatar siminti ke ɓamɓarowa daga tsofaffin soraye a biranenmu ya san wannan ciwo.

Shirin talabijin na gasar gashi da aka fara a 2010, da zaman kulle na 2020 lokacin da fulawa da yis suka yi wuyar samu a kantuna, sun ƙara wa sha'awar ƙarfi, farashin gidajen ƙauye ya yi ta hawa. Jikokin masu gidajen ba su yi shiru ba. A Wales, inda abin ya haɗa da tsoron mutuwar harshensu a ƙauyukan da baƙi suka saye, wata ƙungiyar ɓoye mai suna Meibion Glyndŵr ta fara ƙone gidajen hutu a watan Disamba na 1979, hare-haren suka wuce 200 kafin su lafa a farkon shekarun 1990. Garin St Ives na Cornwall ta hanyar ƙuri'a ya bi: a 2016 fiye da kashi 80 cikin 100 na masu zaɓe suka yarda kada a sayar da sabon gida sai ga wanda zai zauna a cikinsa dindindin. Daga watan Afrilu na 2023 gwamnatin Wales ta ba ƙananan hukumominta ikon ƙara harajin gida na biyu har zuwa kashi 300 cikin 100.