Sunayen Yunwa a Bakin Manoman Ƙasar Hausa

Manomin ƙasar Hausa bai cika riƙe tarihin yunwa da lissafin shekara ba, da suna yake riƙe shi. Kowace babbar yunwa an raɗa mata suna, har tsofaffi kan ƙidaya shekarunsu da shi, su ce an haifi wane shekara biyu bayan yunwa kaza.

Wadda ta fi zama a zukata ita ce Kakalaba, ta 1913 zuwa 1914. Damina ta ƙi, gero da dawa suka bushe tun ba su yi kai ba. Abin ya zo daidai lokacin da jirgin ƙasa ya iso Kano, cinikin gyaɗa ya buɗe, Turawa kuma suna karɓar haraji da kuɗi. Da rumbuna suka ƙare sai aka koma ga tafasa da anza, har ana tona gidan tururuwa don neman ƙwayar hatsi. Garuruwa da dama sun watse.

Sunayen da suka biyo baya sukan nuna inda ceto ya fito. Ta 1927 ita ce 'Yar Buhu, saboda hatsin da aka riƙa kawowa cikin buhuna. Ta 1942 kuwa 'Yar Gusau, domin can aka dosa neman abinci. Ɗalibi zai lura cewa “yunwa” kalma ce ta jinsin mace, shi ya sa ake cewa 'yar, ba ɗan ba.

Wani sunan kuma tuhuma ce. A yankin Maraɗi ana kiran yunwar 1984 El Buhari, domin a shekarar ce gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya, hatsi ya yi wuyar ƙetarawa zuwa Nijar ana tsakiyar fari.

Haka manoman ƙasar Ailan suka yi. Cutar da ta ruɓar da dankalin Turawa daga 1845 ta jawo yunwar da ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, suka kira zamanin da sunan da ke nufin “mugun zamani”. A 1945 hukumar adana al'adun ƙasar ta tattara abin da jikoki suka ji daga kakanninsu. A ƙasar Hausa, waɗanda suka ga Kakalaba sun riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka ga 'Yar Gusau kuma saura kaɗan.