Wuƙar Didawure da hannun da ke riƙe da ita

Idan watan Mauludi ya kama, unguwar Didawure ta Sokode ba ta barci. Lokacin Adosa ke nan, bikin wuƙaƙe. Maza su fito fili suna goga kaifi a ciki da damtse, mahaya dawaki na sukuwa a gefe. Bahaushen da ya taɓa kallon 'yan tauri a Kano ko Katsina ba ya bukatar tafinta.

Didawure tsohon zango ne. Fataken goro da suka taso daga ƙasar Hausa, suka biyo ta Jugu za su Salaga ta Gwanja, nan suke sauke kaya, tun kafin Jamusawa su kafa bariki a Sokode a ƙarshen ƙarni na 19. Malamai da 'yan kasuwa suka zauna cikin Kotokoli, mutanen wurin, Musulunci ya kafu, bikin ya ɗaure da watan haihuwar Annabi (SAW).

Tambayi ɗan wasa sirrinsa, zai ce maka magani ya sha. Ba ni ja da dattawa. Ni dai hannun nake kallo, don hannun da ya ƙware haka ba jiya ya fara ba.

A 1964 wasu masu bincike biyu a Freiburg ta Jamus, Kornhuber da Deecke, suka manna wayoyi a kan mutane suka ce su motsa yatsa duk sa'ad da suka ga dama. Sai ga lantarkin ƙwaƙwalwa yana tasowa a hankali, daƙiƙa guda ko fiye kafin yatsan ya motsa. A 1983 Benjamin Libet a Amurka ya ƙara gano cewa shirin nan kan riga jin niyya kansa: mutum bai san ya ƙudura ba sai saura wajen kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Ke nan kafin wuƙa ta taɓa fata an riga an tsara karkatarta da nauyin dannawa, kuma maimaici na shekaru ne ya koya wa ƙwaƙwalwa awon.

Can arewa a Dapaong, inda ba a wannan biki, na tsaya wurin wani mai tsire Bahaushe. Yana feɗe nama falle-falle, yana ciniki da Mobanci, yaren wurin, yana tsawata wa yaronsa, idonsa na kan titi. Yaron kuwa, da ke auna kowane yanka da tunani, shi ne mai tsumma ɗaure a yatsa.