Keytruda

Keytruda (suna, namiji): Maganin ciwon daji na kamfanin Merck na Amurka, sunansa na likitanci pembrolizumab. Ta jijiya ake ɗura shi. Ba ya kashe ƙwayoyin dajin da kansa. Yana toshe sinadarin PD-1 ne, wanda ke taka wa garkuwar jiki birki, sai garkuwar ta far wa ciwon, wani lokaci har ta taɓa huhu ko hanji mai lafiya. Hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a 2014 don dajin fata. A 2017 Merck ya biya kamfanonin Bristol-Myers Squibb da Ono dala miliyan 625 kan rikicin haƙƙin mallaka. Tsadar maganin kuwa ta fi ƙarfin talaka. *Misali:* Likita ya ɗora ta kan Keytruda.